BABI NA UKU: DAGA ZAUREN SILIMA ZUWA TSAKAR GIDA, TARIHIN FIM ƊIN PSYCHO DA ZUWAN KASET ƊIN BIDIYO ƘASAR HAƊEJIYA

3.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayani a kan ƙasar Haɗejiya da mutanenta, da kuma hanyoyin nishaɗi da suka gada iyaye da kakanni, kamar tatsuniya da tashe da dambe da kokawa. A wannan babi kuwa za a waiwayi tarihin wani baƙon abu da ya shigo ya sauya yadda ake kallo da yadda ake hira a gidajen Hausawa, wato kaset ɗin bidiyo. Domin a fito da abin fili, an zaɓi fim guda ɗaya a matsayin ma'auni, shi ne Psycho na Alfred Hitchcock, wanda aka yi a Amurka a shekarar 1960.

Mai karatu zai iya tambayar abin da ya haɗa wannan fim da Haɗejiya, alhali finafinan da suka fi karɓuwa wurin Hausawa su ne na Indiya da na Sin da na faɗan Amurkawa. Amsa ita ce, a tarihin fim da wuya a sami wanda aka gina shi kacokan a kan ikon mai silima bisa ɗan kallo kamar Psycho. Saboda haka idan ana son a ga abin da kaset ya rushe da abin da ya gina, babu inda za a gan shi sarai kamar a jikin wannan fim. Manufar babin ita ce a nuna cewa kaset ya karɓe iko daga hannun mai fim da mai silima ya miƙa wa ɗan kallo, kuma wannan sauyi ya zo wa Bahaushe da riba babba, sannan ya bar masa wata asara wadda har yanzu ba a gama lura da ita ba.

3.1 Ma'anar Fim na Jan Rai

Masu nazarin adabin Hausa suna amfani da kalmar jan rai domin bayyana dabarar da mai labari kan yi ya riƙe mai sauraro cikin zullumi, yana ɗokin sanin abin da zai biyo baya. Wannan dabara ba baƙuwa ba ce ga Bahaushe. A tatsuniya, sau da yawa yara sun riga sun san Dodo yana laɓe a bakin rafi, yarinyar da aka aika ɗebo ruwa ce kaɗai ba ta sani ba, kuma wannan sanin da suka yi shi ne yake hana su gyangyaɗi.

Hitchcock ya yi irin wannan bayani a hirar da ya yi da François Truffaut na ƙasar Faransa, wadda aka buga ta a matsayin littafi a 1966. Ya kawo misalin mutum biyu suna zaune suna hira, ga bam a ƙarƙashin teburinsu. Idan bam ɗin ya tashi ba tare da 'yan kallo sun san da shi ba, firgitar da za su yi ba ta wuce ta 'yan daƙiƙoƙi. Amma idan an nuna musu lokacin da aka ajiye shi, aka kuma nuna musu agogo, to duk maganar banza da mutanen nan biyu za su yi sai ta zama abin tashin hankali. Ke nan firgita daban, jan rai daban.

Fim na jan rai kuma iri-iri ne. Wanda ya shafi wannan babi shi ne wanda haɗarin da ke cikinsa daga zuciyar mutum da ƙwaƙwalwarsa yake fitowa, ba daga bindiga ko dodo ko aljani ba.

3.2 Taƙaitaccen Tarihin Fim ɗin Psycho

An haifi Alfred Hitchcock a Ingila a 1899, ya koma Amurka a 1939, ya rasu a 1980. Ya ɗauko labarin Psycho ne daga wani ƙagaggen littafi mai wannan suna, wanda Robert Bloch ya wallafa a 1959, sannan Joseph Stefano ya mayar da shi wasan kwaikwayo. Kamfanin Paramount, wanda Hitchcock yake aiki da shi a lokacin, bai yi na'am da labarin ba, yana ganin ya cika muni. Wannan ya sa Hitchcock ya ɗauki nauyin aikin da kansa, ya yi amfani da ma'aikatan da suke yi masa shirin talabijin, ya kuma ɗauki fim ɗin da hoto baƙi da fari duk da cewa fim mai launi ya riga ya yaɗu. Abin da aka kashe bai wuce kimanin dala 800,000 ba. Maimakon ladan aiki, sai ya karɓi kashi 60 cikin 100 na mallakar fim ɗin, shi kuwa Paramount ya tsaya a kan rarrabawa.

Labarin ya fara ne da wata sakatariya mai suna Marion Crane, wadda Janet Leigh ta fito a matsayinta, a birnin Phoenix na jihar Arizona. Maigidanta ya ba ta dala 40,000 ta kai banki, sai ta gudu da su, domin saurayinta Sam bashi ya yi masa katutu har ya hana su aure. A kan hanya dare ya yi mata, ga ruwan sama, sai ta ratse wani ɗan masaukin baƙi na bakin titi. Mai masaukin wani saurayi ne mai kunya da ladabi, sunansa Norman Bates, wanda Anthony Perkins ya fito a matsayinsa. Ya shaida mata cewa yana zaune ne da mahaifiyarsa marar lafiya a wani tsohon gida da ke kan tudu a bayan masaukin. Hirar da suka yi ta sa Marion ta yi nadama, ta ƙudura niyyar komawa ta mayar da kuɗin. A daren nan, tana cikin wanka, sai wata mai kama da tsohuwa ta shigo ta kashe ta da wuƙa. Norman ya zo ya goge jinin, ya sa gawar da kayanta a cikin motarta, ya tura motar cikin wani kududdufi, ba tare da ya san kuɗin suna ciki ba.

Daga nan labari ya koma kan masu nemanta, wato 'yar'uwarta Lila da Sam da wani mai bincike da ake kira Arbogast, wanda shi ma aka kashe shi a kan matakalar gidan. A ƙarshe Lila ta shiga ɗakin ƙarƙashin ƙasa ta tarar da busasshiyar gawar uwar a kan kujera. Ashe Norman ne ya kashe uwar tasa da wanda take so tun shekara goma da suka wuce, ya adana gawar, ya riƙa sa tufafinta yana magana da muryarta, yana kisa da sunanta. Wani likitan ƙwaƙwalwa ne ya warware wa 'yan kallo wannan ƙulli.

A nan akwai abin lura. Bahaushen da ya ga mutum yana magana da muryar matacciya, abin da zai fara zuwa ransa shi ne iskoki, kuma zai sa ran a kira malami ko ɗan bori. Fim ɗin kuwa bai bar wannan ƙofa a buɗe ba, ya ɗora komai a kan cutar ƙwaƙwalwa wadda laifi da kishi da kaɗaici suka haifar. Haka kuma kiɗan da Bernard Herrmann ya tsara, wanda aka yi shi da kayan kiɗa masu tsirkiya kawai, dangin goge, shi ne ya ɗauki rabin nauyin tsoron, musamman a wurin kisan banɗaki, wanda aka shafe kusan mako guda ana ɗaukarsa alhali kisan kansa bai cika minti ɗaya ba.

3.3 Dokar Ƙofa

Abin da ya fi muhimmanci ga wannan nazari shi ne yadda aka nuna fim ɗin. Kafin 1960, al'adar 'yan kallo a Amurka ita ce mutum ya sayi tikiti ya shiga a duk lokacin da ya ga dama, ko da an kai tsakiyar fim, ya kalli ƙarshe, sannan ya jira a sake farawa ya ga farko. Da aka saki Psycho a watan Yuni na 1960, sai Hitchcock ya kafa wa masu silima sharaɗi cewa da zarar an fara, ba za a bar kowa ya shiga ba. An lilliƙa sanarwa a ƙofofin silima ɗauke da hotonsa yana nuna agogon hannunsa. Ya hana a nuna wa 'yan jarida fim ɗin kafin jama'a, ya kuma roƙi waɗanda suka kalla kada su ba da labarin ƙarshensa.

Dalilinsa a fili yake. Janet Leigh ita ce fitacciyar jarumar fim ɗin, kuma an kashe ta tun ba a kai rabi ba. Wanda ya shigo a makare zai zauna yana jiran jarumar da ba za ta sake fitowa ba. Masu silima sun ji tsoron dokar za ta kori mutane, amma sai ta zama talla, aka riƙa yin dogayen layuka, fim ɗin ya kawo riba ninkin-ba-ninkin abin da aka kashe.

Idan aka duba da kyau, dokar ta ginu ne a kan abubuwa huɗu da silima take da su: lokaci ƙayyadadde, da duhu, da rashin ikon tsayar da hoto, da kuma taron mutanen da ba su san juna ba suna firgita tare. Waɗannan abubuwa huɗu su ne kaset ya zo ya kawar da su ɗaya bayan ɗaya.

3.4 Fitowar Psycho a Kaset da Faifai

Hanya ta farko da fim yake shiga gida ita ce talabijin, amma a nan ma ikon yana hannun masu tasha. Gidan talabijin na CBS ya shirya nuna Psycho a watan Satumba na 1966, sai aka kashe 'yar wani ɗan siyasa a jihar Illinois kwanaki kaɗan kafin ranar, aka janye shi. Wannan ya nuna cewa a zamanin talabijin wani ne yake yanke wa mutum abin da zai gani a ɗakinsa.

Sauyin gaske ya zo ne daga Japan. Kamfanin Sony ya fito da na'urar Betamax a 1975, kamfanin JVC kuma ya fito da VHS a 1976, wadda daga baya ta mamaye kasuwa. A wannan lokaci mallakar Psycho ta riga ta koma hannun kamfanin Universal. Abin mamaki, Universal ɗin nan ne, tare da kamfanin Disney, suka kai Sony kotu a 1976, suna cewa na'urar za ta ba mutane damar kwafe finafinansu ba da izini ba. Shari'ar ta kai har Kotun Ƙoli ta Amurka, wadda a watan Janairu na 1984 ta yanke hukunci, alƙalai 5 a kan 4, cewa mutum ya naɗi shiri a gidansa domin ya kalla daga baya ba laifi ba ne.

Ana cikin wannan shari'a kuma kamfanin bai zauna ba. Ya fitar da Psycho a babban faifan laza a ƙarshen shekarun 1970, sannan a kaset a farkon shekarun 1980. Masu iya magana kan ce abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta ya fi wutar zafi. Kamfanonin sun shiga kasuwar kaset ne don gudun kada a bar su a baya, amma ba a daɗe ba kuɗin da suke samu daga kaset ya zarce na tikitin silima. Tsofaffin finafinan da suke jibge a rumbu sai suka koma haja. An sake fitar da Psycho a faifan DVD a 1998, da faifan Blu-ray a 2010 lokacin da ya cika shekara 50, sannan a 2020 aka fitar da shi tare da wasu 'yan guntayen hotuna da aka daɗe da yankewa. Tun a 1992 ma Ɗakin Karatu na Majalisar Dokokin Amurka ya sa shi cikin jerin finafinan da ƙasa za ta adana.

To amma fim ɗin da aka saka a bidiyo ba daidai yake da wanda aka gani a 1960 ba, ko da kuwa hoton bai canza ba. Mai kallo a gida yana iya farawa daga tsakiya, ya tsayar ya je ya dawo, ya kunna fitila, ya tariyo baya ya ƙirga yankan hoton da aka yi a wurin kisan banɗaki har ya gane cewa yawancin abin da ya zaci ya gani ransa ne ya ƙaga masa. Dokar ƙofa ta mutu. A maimakonta fim ɗin ya sami tsawon rai, ya tashi daga abin tsoro na dare ɗaya ya zama abin nazari.

3.5 Majigi da Silima a Ƙasar Hausa

Kafin a zo kan Haɗejiya, ya kamata a san halin da kallon fim yake ciki a ƙasar Hausa gabanin kaset. Bahaushe ya san fim ta hanya biyu. Ta farko ita ce majigi, wato motar gwamnati da take yawo gari-gari, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin kasuwa a nuna finafinan wayar da kai a kan noma da tsafta da kiwon lafiya. Turawan mulkin mallaka sun kafa hukuma ta musamman domin wannan aiki a 1939, gwamnatin Jihar Arewa kuma ta ci gaba da shi, inda aka sami finafinai irin su Baban Larai. Majigi kyauta ne, a fili ake yi, da yardar sarakuna, saboda haka ba a ɗauke shi abin kunya ba.

Hanya ta biyu ita ce silima ta kuɗi, wadda ta fara a Kano cikin shekarun 1930, mafi yawa a hannun Kwarori, kuma a wajen ganuwa. Tun farko malamai da dattawa ba su yi maraba da ita ba. Gobarar da ta tashi a silimar El Duniya a 1951, wadda ta ci rayuka fiye da 300, ta ƙara wa mutane da yawa yaƙinin cewa wurin ba na alheri ba ne, kuma da aka buɗe silimar Palace a cikin birni a 1952 an yi ta ce-ce-ku-ce. Masana irin su Brian Larkin da Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu mai yawa a kan wannan zamani, inda suka nuna yadda aka riƙa danganta silima da iskanci, da kuma yadda finafinan Indiya suka mamaye ta daga shekarun 1960.

Ke nan ita ma silimar ƙasar Hausa tana da tata dokar ƙofar, sai dai ba mai fim ne ya kafa ta ba, al'umma ce. Hitchcock ya hana wanda ya makara shiga, al'ada kuwa ta hana matar aure da budurwa da malami da duk mai gudun a zubar masa da mutunci. A taƙaice, fiye da rabin jama'a suna waje.

3.6 Zuwan Kaset Ƙasar Haɗejiya

Ƙasar Haɗejiya, wadda ta ƙunshi Haɗejiya da Auyo da Kafin Hausa da Kaugama da Malam Madori da Birniwa da Guri da Kiri Kasamma, tana cikin Jihar Kano ne har zuwa 27 ga Agusta 1991 da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa. Hulɗarta da Kano ta ciniki ce tun da can. Layin dogo da ya tashi daga Kano zuwa Nguru ya ratsa ta Malam Madori, motoci kuma kullum suna ɗauke da kifi da shinkafa da tattasai daga fadamun Kogin Haɗejiya zuwa birni, su komo da hajar kanti. Ta wannan hanya rediyo da rakoda suka shigo, ta nan kuma bidiyo da kaset suka biyo.

Abubuwa uku ne suka taimaka wa kaset. Na farko, kuɗin man fetur na shekarun 1970 sun ba ma'aikata da 'yan kasuwa da alhazai damar sayen talabijin da bidiyo. Na biyu, tsarin tsuke bakin aljihu da gwamnatin Babangida ta ɓullo da shi a 1986 ya karya darajar naira, shigo da fim na silima ya yi tsada, gidajen silima suka fara durƙushewa ko kuma su koma nuna kaset. Na uku, kaset abu ne mai sauƙin kwafa. Duk mai bidiyo biyu da waya yana iya mayar da kaset ɗaya ya zama goma, kuma kasuwannin Kano, musamman Ƙofar Wambai, sun zama cibiyar wannan sana'a.

A garuruwan fadama, inda wutar lantarki ba ta isa ko'ina ba, kallon ya kasu gida biyu. Akwai gidan kallo, wato rumfa ko zaure da ake sa benci da talabijin da janareto, samari su biya su shiga. Wannan ƙanen silima ne, kuma ya gaji sunan da silima take da shi. Sannan akwai kallon cikin gida, inda ake fito da talabijin tsakar gida bayan sallar isha'i, matan gida da na maƙwabta da yara su zauna a kan tabarma. Wannan na biyu shi ne sabon abu, domin a karon farko matar da take cikin kulle ta ga fim daga farko har ƙarshe ba tare da ta taka ƙofar gida ba, kuma a daidai lokacin da a da ake yin tatsuniya.

Waɗannan sababbin 'yan kallo su ne suka haifar da fim ɗin Hausa na bidiyo. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya, wanda ake ɗauka a matsayin na farko da aka yi domin kasuwa. Marubuta littattafan soyayya, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino, sun mayar da littattafansu fim, domin masu karatunsu, waɗanda galibi mata ne, su ne dai masu kallon. Zuwa 1999, shekarar da Sangaya ya fito aka kuma fara buga mujallar Fim, sana'ar ta kafu, har Jihar Kano ta kafa hukumar tace finafinai a 2001.

Har ila yau yanayin kallon ya yi tasiri a kan irin fim ɗin da aka yi. A tsakar gida ana kallo ne ana girki, yaro yana kuka, baƙo yana sallama, wuta tana ɗaukewa. Fim irin Psycho, wanda yake buƙatar shiru da duhu na kusan sa'a biyu, ba ya jure wa irin wannan zama. Wanda yake jurewa shi ne mai labarin aure da kishi, mai waƙoƙi da za a iya tariyowa a sake ji, wanda ko an tashi an dawo za a kama zaren. Duk da haka jan rai bai ɓace ba, sai dai ya sauya wuri. Masu fim sun riƙa raba labari kashi na ɗaya da na biyu, su yanke shi daidai inda rai ya fi ɗaguwa, domin a dawo a sayi ci gaban. Wato abin da Hitchcock ya yi da ƙofar silima, ɗan kasuwar Kano ya yi shi da ƙarshen kaset.

3.7 Matsalar Adanawa

A nan ne tarihin biyu ya rabu. Psycho ya rayu ne saboda yana da mai shi guda ɗaya, wanda ya ajiye ainihin fim ɗin a wuri mai kyau, kuma duk lokacin da sabuwar na'ura ta fito sai ya koma ga asalin ya sake fitarwa. Kaset a wurinsa kwafi ne kawai. Finafinan Hausa na shekarun 1990 kuwa a kan kaset aka ɗauke su, a kan kaset aka tace su, saboda haka kaset shi ne asalin, babu wani abu a bayansa. Zaren kaset kuma ba ya shiri da zafi da ƙura da danshi, kuma kowane kwafi ya fi wanda aka kwafo shi dushewa. Daɗin daɗawa, kamfani na ƙarshe da yake ƙera na'urar bidiyo, wato Funai na Japan, ya daina a 2016.

A ƙasar Haɗejiya matsalar ta fi tsanani saboda ruwa. Ambaliya irin ta 2020 da ta 2022 ta rushe gidaje da dama a yankin, kuma mai ceton hatsi da awaki ba ta kaset yake yi ba. Mai wannan nazari ya buɗe wani tsohon akwati a gidansu ya tarar da kaset-kaset na finafinan Hausa da na bikin iyayensa, zaren duk ya yi hunhuna ya manne, ga shi kuma ko da suna da kyau babu na'urar da za a saka su a unguwar.

Misalin Shaihu Umar ya isa ishara. Adamu Halilu ya yi wannan fim a 1976 daga littafin Abubakar Tafawa Ɓalewa, ya kuma ɓace wa jama'a shekara da shekaru, sai a 2016 aka gano shi a ma'ajiyar finafinai ta ƙasa da ke Jos, wata cibiya ta Jamus ta gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Berlin a 2018. An iya ceto shi ne domin a kan fim na silima aka ɗauke shi, kuma hukuma ce ta ajiye. Finafinan bidiyo ba su da wannan gata. Saboda haka ya kamata sassan Hausa na jami'o'i, musamman Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa da Jami'ar Bayero ta Kano, su tattara abin da ya rage a hannun tsofaffin masu haya da masu gidan kallo, su juye shi a kwamfuta tun yana juyuwa.

3.8 Naɗewa

A wannan babi an kawo ma'anar jan rai, da tarihin fim ɗin Psycho, da dokar da mai shi ya kafa a ƙofar silima, da yadda kaset ya rushe wannan doka amma ya tsawaita rayuwar fim ɗin. An kuma nuna cewa a ƙasar Hausa, har da Haɗejiya, kaset ya buɗe ƙofar da al'ada ta rufe wa mata da masu gudun zargi, kuma waɗannan 'yan kallo su ne suka tsara kamannin fim ɗin Hausa. Daga ƙarshe an nuna cewa finafinan da kaset ya haifa suna cikin haɗarin salwanta tare da shi. A babi na gaba za a duba zamanin faifan CD da wayar hannu, da yadda finafinan Indiya da ake fassarawa da Hausa suka sami karɓuwa a garuruwan fadama.